Askar farko da fatar washinta: wacce za ka saya, wacce za ka bari sai hannu ya faɗa

Duk wanda ya yi niyyar komawa gyaran fuska da aska a gida, abu biyu zai nema a lokaci guda: askar kanta, da fatar da zai riƙa goge bakinta kafin kowane aski. Abin da na lura shi ne a juye mutane suke kashe kuɗin. Sai ka ga an zaɓi aska saboda kyan mariƙinta da rubutun ruwan zinaren da ke jikinta, an haɗa da fata mai ɗan karen tsada, an bar tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ya wasa bakin askar nan, kuma wa zai sake wasa shi nan da wata uku ko huɗu? A Jos, amsar wannan tambaya ce za ta nuna maka wacce za ka saya, ba sunan kamfani ba.

Mu fara da mai sauƙin. Akwai askar da ake ɗora wa reza, irin wadda ke hannun masu shagon aski daga titin Bauchi har Terminus. A karya reza biyu, a zura rabi, a yi aski, a jefar. Ba ruwanta da fata, ba ruwanta da dutse, kuma kuɗinta ba ya tayar da hankalin kowa. Masu shago suna da hujjarsu ta lafiya, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan ƙarfe, don haka kowane kai da sabuwar rezarsa. In kai mai gemu ne, aikinka kawai daidaita saje, share wuya da rage gashin baki ranar Juma'a, to gaskiya nan ya kamata ka tsaya. Ba gazawa ba ce. Siririn bakinta ya fi nuna maka layin da kake bi, kuma ba za ka ɗora wa kanka hidimar washi saboda aikin minti biyar a mako ba. Aibinta shi ne ba ta da yafiya. Reza siririya ce ƙwarai, kusurwoyinta biyu a tsaye suke, kuma askar ba ta da nauyin da zai kwantar maka da hannu, shi ya sa sabon shiga ya fi yankuwa da ita fiye da askar gaske. Kamfanin Feather na Japan yana yin wata mai suna Artist Club wadda ta fi nauyi da tsawon baki, amma rezarta ta musamman ce, ba wadda za ka aiki yaro ya sayo a kanti ba.

To, askar gaske, mai naɗewa cikin mariƙinta, wadda bakinta da jikinta ƙarfe ɗaya ne. Kafin a yi maganar inda za a samo ta, sai an gane wani abu game da ƙirarta, domin shi ne ya bambanta mai kyau da ta banza. Idan aka kwantar da aska a kan dutsen washi, wuri biyu ne ke taɓa dutsen: bakinta da gadon bayanta. Kaurin bayan nan shi ke yanke yadda bakin zai karkata, ba hannun mai washi ba. Ma'ana, in bayan ya fito daga masana'anta a karkace, ko wani ɓangare ya fi wani kauri, to wani sashe na bakin ba zai taɓa haɗuwa da dutse daidai ba, ko da za a kwana ana gogawa. Mafi yawan abin da kake biya a aska mai tsada shi ne wannan miƙewar, da kuma yadda aka gasa ƙarfen aka tsoma shi har ya yi taurin riƙe kaifi.

Sabuwar aska ta Turai daga garuruwa biyu aka fi saninta. Solingen a Jamus, inda Dovo yake tun 1906, ga kuma Böker; sai Thiers a Faransa, gidan Thiers-Issard da aka kafa a 1884. Dokar Jamus ta kare sunan Solingen, ba kowa aka yarda ya buga shi a jikin ƙarfe ba, amma hakan bai hana masu jabu bugawa ba, don haka in ka ga "Solingen" a farashin kwanon shinkafa, ka san inda aka dosa. Ta gaskiyar, ko mafi ƙanƙanta, sai ka tanadi dala 100 zuwa sama kafin kuɗin aikowa da na kwastan. Ga kuma abin da ba a cika gaya wa mai saye ba: sabuwa fil daga kwali ba lallai ne ta shirya hawa fuska ba. Washin masana'anta sau da yawa yakan tsaya a rabin hanya. Sai mutum ya ɗora ta, ta riƙa fizgar gashi, ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, ya ƙara dannawa, ya yanke, ya jefa ta a durowa. In za ka sayi irin wannan, nemi dillalin da ke wasawa da hannu kafin ya aiko, ka tambaye shi a rubuce, ka ji amsarsa kafin ka tura kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce ta Sin, kuma wadda aka fi sani ita ce Gold Dollar, da ba ta kai dala 20 ba a mafi yawan wurare. Ƙarfenta yana ɗaukar kaifi, wannan ba gardama. Matsalarta gamawa: sau da yawa kafaɗar da ke gindin bakin takan tokare dutse, ba a kuma fitar da bakin sosai ba. A hannun wanda ya iya washi, aikin yini ɗaya ne ta zama askar kirki. A hannun wanda bai taɓa riƙe dutse ba, wahala ya sayo. Ra'ayina, Gold Dollar da gwani ya riga ya gyara ta fi Dovo da ba a wasa ba amfani ga mai koyo, nesa ba kusa ba, kuma ran da ta kuɓuce ta bugi bakin famfo ba za ka yi zaman makoki ba. Amma masu zanen igiyar ruwa a jiki da ake tallatawa da sunan Damascus a farashi mai rahusa, da mariƙin ƙaho da akwatin katako, galibinsu kayan ajiye wa a falo ne. Ƙarfen yakan yi laushi, ka wasa yau gobe ya kwanta.

Tsofaffin askake na Sheffield a Ingila, irin su Wade & Butcher da Joseph Rodgers, ko tsofaffin Solingen, suna da ƙarfe mai kyau in ka ci sa'a wata ta faɗo hannunka, ko ta gado ko ta gwanjo. Ɗaga ta a haske ka duba. Tsatsa a jiki ana iya gogewa, tsatsa a baki kuwa ta riga ta ci wurin aikin. Tsaga komai ƙanƙantarta, kada ka ɗauka. In tsakiyar bakin ya lotsa ciki saboda yawan washi, ko gadon bayan ya cinye ya yi faɗi, ita ma kada ka ɗauka.

Saura askar maƙeranmu, wadda ke cikin zabirar wanzami. Ba na raina ta. Da ita aka yi wa yawancinmu askin suna. Sai dai an ƙera ta ne don hannun da ke aske kan wani, kuma mai ita yana tafe da dutsensa, yana taɓa ta a kai a kai. Mai tsayawa gaban madubi shi kaɗai yana koyon aske wuyansa da hannun hagu ya fi bukatar mai mariƙi da tsayayyen awo.

Awon nan, wato faɗin ƙarfen askar daga gadon baya zuwa baki, da kashi takwas na inci ake faɗinsa, shi ya sa za ka ga an rubuta 4/8, 5/8, 6/8 har 8/8. Ɗauki 5/8, wato kusan milimita 16. Tana shiga ƙarƙashin hanci, tana juyuwa a haɓa, kuma tana da faɗin da za ka ji ta kwanta a kan fata lokacin gogawa. Mai 6/8, kusan milimita 19, ta fi nauyi kuma ta fi daɗi ga mai kaurin gashi ko mai aske kai tal-kwabo, ba laifi in ita ka samu. Mai 4/8 tana saurin birkicewa a kan fatar washi, manyan kuma sai hannu ya faɗa. Kan askar ya zama mai zagaye. Mai kusurwa a tsaye ta fi fitar da layin saje, na yarda, amma ita ce ke tsaga gefen kunne da hanci tun mutum bai san ta iso wurin ba. Batun kwarmin gefe kuwa, wato yadda aka rarake gefen ƙarfen tsakanin baya da baki, yawancin sababbin askake masu zurfin kwarmi ne, bakinsu siriri, har kana jin ƙararsa yana cin gashi, kuma sun fi sauƙin washi. Masu rabin kwarmi sun fi tauri, ba sa lanƙwasa a gashi mai ƙarfi irin namu. Kowacce ka samu a cikin biyun ta yi. Kada wannan ya hana ka barci.

Abin da ya fi cancantar tunani a garin nan shi ne irin ƙarfen. Baƙin ƙarfe mai yawan kabon ya fi sauƙin wasawa, kuma shi ne a yawancin askake. Amma yana tsatsa da wuri, kuma daminar Jos doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga Agusta da kaya ke kwana uku a igiya ba su bushe ba. Aska irin wannan in ta kwana a banɗaki da ɗigon ruwa a maƙogwaron mariƙinta, da safe za ka tarar da ja-ja. Wadda ba ta tsatsa ta fi haƙuri da sakaci, sai dai ta fi cin lokaci a kan dutse, ta kuma fi tsada kaɗan. Tunda matsalarmu ta farko mai washi ce, ni baƙin ƙarfen zan zaɓa, in ɗauki nauyin kula da shi: a share da busasshen ƙyalle, a bar ta a buɗe ta sha iska, a shafa ɗigon man keken ɗinki ko man jarirai, a ajiye a ɗaki. Ban da man gyaɗa da manja, suna yin danƙo.

Yanzu fata. Mutane da yawa suna zaton wasa aska take yi. A'a. Dutse ne ke cin ƙarfe ya fitar da sabon baki. Fata tana miƙar da bakin da gashi ya ɗan tanƙwasa, ta share danshi da dattin da ido ba ya gani, ta yi masa santsi. Askar da ta dakushe, ko ka goga ta sau dubu ba za ta dawo ba. Askar da ke da kaifi kuwa, gogawa ɗaya ta ganganci tana iya kashe ta. Ga yadda ake yi: a kwantar da ita, baki da baya duka suna taɓa fatar, a ja ta bayan yana gaba bakin yana biye, ba dannawa, in an kai ƙarshe a mirgina ta a kan gadon bayanta a dawo. Sau 40 zuwa 60 kafin aski ya wadatar. A wurin mirginawar nan kowa ke yanka fatar washinsa ta farko. Kowa. Hannu yakan fara dawowa kafin askar ta gama juyawa, sai bakin ya nutse. Saboda haka fatar doki ta Kanayama daga Japan, ko wadda aka yi da fatar majemar Horween ta Chicago, ba ta mai koyo ba ce, komai kuɗinsa. Ta farko ta zama wadda in ka yanka za ka ce "kash" ka ci gaba.

Iri biyu ne a gabanka: ta ratayewa da ta katako. Ta ratayewa ita ce wadda aka saba gani, ƙugiya a sama, mariƙi a ƙasa, sau da yawa da ƙyallen zare mai kauri a bayanta wanda ake fara gogawa a kai sau 15 ko 20 don share bakin. Tana da tsawo, tana da sauri, amma sai ka ja ta ta miƙe. In ta yi sako-sako ta lotsa, fatar takan naɗo bakin askar ta dakusar da shi, mutum yana ganin gyara yake yi. Ta katako fata ce da aka manne a kan shimfiɗaɗɗen allo. Ba ta lotsawa, don haka an rage maka kuskure ɗaya daga cikin biyu, tana kuma shiga jaka in tafiya ta kama. Gajarta ce aibinta, sai ka ƙara yawan ja. Ga wanda ba shi da mai tsaya masa a kai yana gyara masa hannu, ta katako na fi ba shi shawara.

Faɗi ma abin dubawa ne. Tsawon bakin aska yana kusan inci 3. Fata mai inci 3 tana ɗaukarsa gaba ɗaya, ka ja a miƙe. Mai inci 2 sai ka riƙa ja a karkace don ko'ina ya samu, wato ƙarin darasi a kan darasi. Sai dai mai faɗin ta fi saurin kumburo tsakiya ko naɗe gefe in iska ta bushe, kuma a nan ma ta katako ta tsira.

A wannan ɓangaren ba sai ka jira jirgi ba. Jos gari ne mai dukawa, Naraguta ma da aikin fata aka san ta, kuma jimar bagaruwa da majemanmu ke yi tana cikin irin jimar itatuwa da ake so a fatar washi. Je wurin baduku da awonka: ƙirgin saniya, faɗi inci 3, tsawo inci 18 in ta ratayewa ce ko 12 in ta katako, kauri daidai daga farko har ƙarshe. Shafa da tafin hannu ka ji. Kada a samu tabon kaska, ko shaidar wuta, ko tamoji, ko ɗinki, ko zane, ko fentin nan mai sheƙi da ake yi wa fatar jaka. Jar fatar akuya ta Sakkwato, duk da sunan da ta yi a duniya, siririya ce kuma tana miƙewa, ba ta yi wa ratayewa ba, amma in an manne ta a allo tana aiki. Allon kuwa kowane kafinta a kasuwar Katako zai fere maka shi ya daidaita. Kafin ka ɗora askar gaske, yi mako guda kana koyon mirginawa da wuƙar cin abinci marar kaifi.

Hunturu shi ne abokin gabar fata a nan. Iska tana busar da ita ta yi tauri, ƙura kuma tana sauka a kanta, ƙurar nan kuwa yashi ne, zai karce bakin da aka sha wahalar wasawa. Rufe ta da ƙyalle ko sa ta a durowa, kuma kafin kowane amfani ka murza ta da tafin hannu har ta yi ɗumi. Maiƙon hannunka ya ishe ta a yawancin lokuta. Kada ka jiƙa ta da mai, kada man takalmi ya kusance ta. Koren maganin washi da ake shafa wa fata yana farfaɗo da bakin da ya fara sanyi, amma yana cin ƙarfe kaɗan-kaɗan, don haka allonsa daban, kuma ba na kullum ba ne. In ka shafa shi a fatarka ta yau da gobe, ba ya fita.

Sai mu koma kan mai washi, tunda ko an yi gogawa daidai, wata rana askar za ta fara ja. Abu na farko, kada ka kai ta wurin masu injin gurza da ke wasa wuƙaƙen mahauta. Zafin injin zai kashe taurin bakin, ya cinye gadon bayan, cikin daƙiƙa kaɗan an gama da ita. A unguwannin cikin gari irin su Gangare, Dilimi da Anguwan Rogo ba a rasa tsofaffin wanzamai, kuma idonsu a kan kaifi ya wuce na kowa. Ka je da ladabi da ɗan abin goro: "Baba, ga wata aska na saya, don Allah a duba mini bakinta." Amma ka fara kai mai arahar, ka zauna ka ga irin dutsensa da yadda yake kwantar da ita, domin siririn baki mai zurfin kwarmi yana son dutse mai laushi ƙwarai da hannun da ba ya ɗaga bayan. In ta dawo, wanke ta da sabulu ka goge da sifirit kafin ta taɓa fuskarka. In kuma kai za ka koya, duwatsun suna da lamba, iya girman lambar iya laushin dutsen: 1000 na fitar da baki, 4000 da 8000 na gyarawa, waɗanda kamfanin Norton ke haɗa su a dutse ɗaya, sai 12000 irin na kamfanin Naniwa ko ruwan ɗorawan dutsen Beljiyam na gamawa. Jimlarsu tana iya fin kuɗin askar. Mai rahusar hanya ita ce siririyar takardar washi da masu haɗa wayar intanet ta gilashi ke amfani da ita, a jiƙa a shimfiɗa a kan gilashi mai kauri. Gwajin kaifi kuwa a gashin hannu ake yi, ya riƙa zubewa ba tare da an danna ba. Takarda da farce suna lalata bakin.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne mai kyau, sa shi a askar da aka wasa, ka yi fatar a gida. Idan ƙurajen aski ne suka koro ka daga reza mai baki uku ko biyar, baki ɗaya yana taimakawa, amma da sharaɗi: bi gashi ta inda ya kwanta, kada ka ja fatar fuska da ƙarfi, kada ka nace sai ta yi sumul, domin gashinmu mai murɗewa in an yanke shi ƙasa da fata ciki yake komawa. Ruwan ɗumi da kumfa mai kyau dole ne, balle da sanyin safiyar Disamba. Makon farko kumatu kawai za ka yi, bayan askar ya ɗaga daga fuska kamar kaurinsa ɗaya ko biyu, sauran ka ƙarasa da abin da ka saba. Mai yawan hawa jirgi ya tuna ba a barin aska a jakar hannu.

Ran da ka yanki fatar washin, duba zurfin. Ƙaramar yanka ana lallashinta da takardar yashi mai laushi har ta daidaita, a share garin tas. In leɓe ya ɗago, ɗigon gam a ƙarƙashinsa, a danne da abu mai nauyi ya kwana. In kuwa ta ratsa har askar tana tuntuɓe a wurin, yanke lafiyayyen ɓangaren ka manne shi a allo, ka koma wurin baduku da awon nan.